Fitsarin Tsakar Rana

Kafin abin ya same ni, na yi imani da cewa idan namiji ɗan Gashuwa ya haura shekara arba'in, sannan ya fara jin zafi a wajen fitsari, to ƙodarsa ce ta fara lalacewa, kuma babu abin da ya rage masa sai ya gyara tsakaninsa da Ubangijinsa. Ban karanta wannan a wani littafi ba, ban kuma ji shi daga bakin likita ba. Na tsince shi ne a wuraren zaman makoki, inda ake ambaton cutar da murya ƙasa-ƙasa, na kuma riƙe shi kamar karatun da aka biya mini. Na yi jami'a. Na shafe shekara ashirin da 'yan kai ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, ina hana ɗalibai faɗin abin da ba su da hujja a kansa. Duk da haka ban taɓa neman hujjar wannan a wurin kaina ba.

Yayana ne ya bar mini wannan tsoro, ba da saninsa ba. Manomin shinkafa ne, ƙaƙƙarfa, wanda yakan ɗaga buhu shi kaɗai ya ɗora a amalanke. A cikin damina guda ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, fuskarsa ta cika, numfashi ya riƙa yi masa wuya idan ya kwanta. Ni nake raka shi wankin ƙoda, in zauna a gefen na'urar ina kallon jininsa yana fita ta wata roba yana komawa ta wata. Bai cika shekara a haka ba Allah ya karɓi abinsa. A garinmu ba shi ne na farko ba, ba kuma shi ne na ƙarshe ba. Da wuya ka sami unguwar da ba ta san wannan hanya ba. Likitan da ya duba shi ya ce mu 'yan'uwansa mu riƙa zuwa ana gwada jininmu lokaci zuwa lokaci. Na ce to, amma ban je ba. Na gaya wa kaina cewa sani ba ya warkar da wannan cuta, sai dai ya sa mutum ya fara mutuwa tun ranarsa ba ta zo ba.

Abin da na koma yi a maimakon gwaji shi ne abin da maza da yawa na garinmu suke yi, ko da yake babu mai faɗa. Kowace safiya, idan na zo wanke ƙafa a alwala, sai in danna babban yatsana a ƙwaurina, in ɗaga, in duba ko wurin ya lotsa. Idan fatar ta dawo nan take, to na sami yini guda. Na taɓa kama wani abokin aikina yana yin haka a ƙarƙashin tebur a ɗakin malamai. Muka haɗa ido, kowa ya kawar da kai, muka ci gaba da zancen jarrabawa.

Zafin ya fara ne a tsakiyar bazara, shekara biyu da suka wuce. Da farko ɗan raɗaɗi ne a ƙarshen fitsari, kamar mutum ya yanka barkono ya manta bai wanke hannu ba. Cikin mako guda ya zama abin da nake fargabarsa tun kafin in ɗauki buta. Fitsari yakan matsa mini sau da yawa, in je in tsuguna, abin da zai fito bai taka kara ya karya ba, sai mara ta ɗaure kamar ana murɗa ta. Wata rana ina tsarki kafin azahar na ga ɗigon ƙarshe ja ne. Ba duka fitsarin ba, ɗigon ƙarshe kaɗai. Na daɗe a tsugune ina kallonsa. Daga baya na zuba ruwa, na yi alwala, na bi jam'i, amma da a ce an tambaye ni raka'a nawa muka yi, da ban iya faɗa ba.

Abu biyu na yi, kuma dukansu ina jin kunyarsu yanzu. Na rage shan ruwa, a watan da ko kaji sai sun buɗe baki saboda zafi; tunanina shi ne abin da bai shiga ba ba zai nemi fita ba. Sai fitsarin ya yi duhu kamar shayi, zafinsa ya ninka. Sannan na je wani kemis nesa da unguwarmu na ce wani ne ya aiko ni. Mai kemis bai tambaye ni komai ba. Ya dai yi ɗan murmushin da ya nuna ya riga ya yanke hukunci a kan ciwon da kuma hanyar da aka bi aka samo shi, ya zubo mini kafso a leda. Na sha har kwana biyar, babu abin da ya sauya.

Uwargidana ce ta gano ni, ta inda ban yi tsammani ba. Ita take cika mini gorar ruwan da nake tafiya da ita makaranta. Wata rana da la'asar na dawo, ta karɓi gorar, ta jijjiga ta, ta ajiye ta a tsakaninmu a kan tabarma.

"Malam, azumi kake yi ban sani ba?"

"Wane irin azumi kuma?"

"Abin da nake tambaya ke nan. Kwana tara gorar nan tana zuwa makaranta tana dawowa a cike, kamar ita aka sa a aji. Idan kuma ka shiga bayi, sai in ɗora tukunya in sauke ba ka fito ba."

Na ce zafin gari ne. Ta ce ita zafin garin da ta sani ruwa yake sa mutum ya sha. Daga nan ta bar wasa. Ta tuna mini cewa ita ma ta yi zafin fitsari lokacin da take da cikin autanmu, aka gwada, aka ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga mafitsara, aka ba ta magani, cikin 'yan kwanaki ta manta da shi.

Na ce, "Naki daban. Ke mace ce."

"Kai kuma namiji, shi ya sa naka ya zama na ajali?" Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai. "Na san abin da ke ranka. Tun ranar da aka kai Yaya makwancinsa kake danna ƙafarka kullum da safe, kana zaton ba na gani. Idan shi ne, gara mu sani tun muna da sauran ƙarfi. Idan ba shi ba ne, ƙishirwa za ka bari ta kawo maka shi?"

Na ce zan je, amma ba a Gashuwa ba. A garinmu da wuya in shiga ɗakin asibiti ban tarar da wanda na koyar ba, kuma ban ga yadda zan miƙa kwalbar fitsarina ga mutumin da na taɓa yi wa gyara da jan biro ba. Ta ce in je ko bangon duniya ne, in dai zan je.

Na shirya tafiya Nguru shiri irin na masu ilimi, wato na yi kuskurena a tsanake. Na taɓa jin cewa fitsarin farko na asuba shi ya fi dacewa da gwaji, tun da ya kwana yana taruwa. Saboda haka na nemo tsohuwar kwalbar maganin tari, na wanke ta da sabulu, na cika ta da asuba, na naɗe ta a leda biyu, na sa a aljihu. Haka na zauna a mota, mu huɗu a kujerar baya, hannuna a kan aljihun. A Jajimaji direba ya tsaya ɗaukar buhunan barkono, rana ta fara dukan motar. Ina jin ɗumin kwalbar a cinyata, ina tunanin cewa hukuncin da za a yanke mini ne nake ɗauke da shi, na kuma biya masa kuɗin mota da hannuna.

Likitan da na gani a Nguru matashi ne mai natsuwa, ba ya gaggawa. Ya tambaye ni ko zafin a farkon fitsari yake ko a ƙarshe. Ya tambayi zazzaɓi. Ya tambayi ciwon kwiɓi mai gangarowa zuwa mara, irin wanda tsakuwa take kawowa. Ya tambaya ko wani ruwa yana fita wanda ba fitsari ba, ko kuma fitsarin yana rauni yana yankewa, kamar na dattawan da wata tsoka da ke wuyan mafitsararsu ta kumbura. Ya tambaye ni, ba tare da ya ɗaga kai ba, ko na kusanci wata mace ban da iyalina. Na ce a'a, ya rubuta ya wuce, kamar sunan unguwarmu ya tambaya. Kowace tambaya tana nuni ne ga wata cuta daban, kowace kuma da gwajinta da maganinta. Ni da na zo da suna ɗaya tak a bakina, sai na ji kamar ɗalibin da ya haddace shafi guda ya shiga jarrabawa.

Da na ambaci kafson, sai ya ajiye biro.

"Malam, da ka zo kafin ka sha. Akwai gwajin da muke ajiye fitsari kwana biyu mu ga abin da zai tsiro a cikinsa, mu san maganin da zai kashe shi. Kafson nan zai iya ɓoye ƙwayoyin cuta ba tare da ya gama da su ba."

Sai na ba shi labarin yayana. Ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "Allah ya jiƙansa. Shi ya taɓa yi maka kukan zafin fitsari?"

Na buɗe baki zan ce e, sai na tsaya. Na bi watannin nan ɗaya bayan ɗaya a raina: kumburi, kasala, amai, ƙaiƙayin jiki, rashin barci. Zafin fitsari babu, ko sau ɗaya. Shekaru ina haɗa abubuwa biyu da ban taɓa ganinsu tare ba, alhali ni ne na fi kowa zama kusa da shi. Likitan ya ce ciwon da ya ɗauki yayana ya fi zuwa a ɓoye, bai cika yin sallama da zafi ba, shi ya sa ake dogara da gwajin jini. Ya ce zai sa a gwada nawa a ranar, amma jinin da ke zuwa a ɗigon ƙarshe wani abu daban yake tuna masa.

"Kana kamun kifi? Kana wanka a kogi?"

Na ce rabona da wanka a kogi tun ina firamare. Gaskiya kuwa na faɗa. Ya rubuta takarda ya tura ni ɗakin gwaji.

Wadda ke kula da ɗakin gwajin dattijuwa ce, Kirista, daga tsaunukan tsakiyar ƙasar nan, wadda ta daɗe a Nguru har Hausarta ta ɗauko karin Barebari. Kowa Mama yake ce mata, har likitoci. Na zaro ledata, na kwance ƙulli biyu, na ajiye kwalbar a gabanta cikin ladabi. Ta ɗaga ta wajen haske ta karanta takardar da ke jiki.

"Maganin tari. Cokali biyu, sau uku a rana. Malam, ta can kake tarin?"

"Na asuba ne, Mama, na farko. An ce shi ya fi."

"Ya fi, ga wasu abubuwa. Amma wannan ya sha hanya, ya sha rana, ya sha sabulu. Daga ina?"

"Gashuwa."

"Daga Gashuwa ka ɗauko fitsari ka kawo Nguru! An ce maka mu nan ba ma yi ne?"

Na yi dariya, karo na farko cikin mako uku. Ta ɗebi jinina, sannan ta ba ni wata 'yar roba mai murfi da ba a taɓa buɗewa ba, ta ce in bar na farko ya zube, in tari na tsakiya. Da na kawo, ta tsoma wata siririyar takarda mai gidaje kala-kala a ciki, ta jira, ta nuna mini gida ɗaya da ya sauya launi. Ta ce akwai jini, ko da yake ido ba ya ganinsa. Sannan ta sake karanta rubutun likita.

"Ka ce masa ba ka shiga ruwa."

"Ba na shiga."

"Malam, na tsufa ina jin mutanen Gashuwa suna cewa ba sa shiga ruwa. A wurinku shiga ruwa shi ne a tuɓe riga a yi iyo. Ni ba haka nake tambaya ba. Daga girbin bara zuwa yau, ruwan fadama ya taɓa ƙafarka? Ko na alwala, ko na tsallakawa, ko na tsayawa ana nuna wa mutane aiki?"

Sai gayyar kachalla ta faɗo mini.

Kachalla doguwar ciyawa ce da ta mamaye hanyoyin ruwanmu. Takan toshe su har ruwa ya kasa kaiwa gonakin shinkafa, kwalekwale ya kasa wucewa. Saboda haka masu gonaki a mashigi ɗaya sukan yi gayya, su shiga da lauje da adda su buɗe hanya. Gonar yayana ta dawo hannuna saboda marayunsa, kuma abin da na saba shi ne in aika da goro da abinci, in je in tsaya a gaɓa cikin takalmi. Wata uku kafin ciwon, na je na tsaya kamar kullum. Taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda babu kunya tsakanina da shi, yana cikin ruwa har ƙugu. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ku yi a hankali, kada ruwa ya fallatsa wa digiri! Malam, a taswirar taka ta ina ruwan yake bi? Ja mana layi da biro mu je mu huta!"

Aka bushe da dariya. Na cire takalmi, na naɗe wando, na karɓi lauje. Daga hantsi zuwa kiran azahar na yi a ciki, ruwan bai wuce gwiwata ba. Da na fito ƙafafuna suka yi ta ƙaiƙayi, na ce kaifin ciyawa ne. A raina ban taɓa sa wannan a jerin shiga ruwa ba. Fita kunya na ɗauke shi, kuma na fita.

Mama ta ji wannan duka, ta dubi agogon bango. Ƙarfe goma sha ɗaya ta kusa. Ta cika kofi da ruwa ta miƙo mini.

"Shanye. Ka fita ka yi tafiya, da sauri, ba tafiyar manya ba. Kada ka dawo sai inuwarka ta shige ƙarƙashinka. Wannan karon ba na tsakiya nake so ba. Na ƙarshe nake so, har ɗigon da kake matsewa."

"Mama, a cikin wannan rana?"

"Abin da nake nema da tsakar rana yake fitowa. Ba ni na sa masa lokaci ba."

Haka na fita. Wanda ya san Nguru a bazara ya san cewa a wannan sa'a mai hankali inuwa yake nema. Na bi gefen titi har wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa, na tsallaka ƙarafunan da suka ɗauki zafi, na zagaya ta inda ake jibge busasshen kifi, warin banda yana bina. Wasu dattawa a gindin darbejiya suka bi ni da ido, ɗaya ya ce, "Alhaji, lafiya? Biyo ka aka yi?" Na ɗaga masa hannu na wuce, rigata ta manne a bayana.

A cikin tafiyar nan ne sunan da Mama ba ta faɗa ba ya zo mini da kansa: tsargiya. Muna yara da wuya ka sami wanda bai yi jan fitsari ba a cikinmu, har wasu manya sukan ce alamar girma ce. Ni ma na yi, aka ba mu magani a makarantar kwana, ya wuce. Tun daga nan na ajiye ta a wuri ɗaya da ƙyanda da famfarar haƙori, abubuwan da mutum yake yi sau ɗaya ya bar su a baya. Bai taɓa zuwa mini a rai ba cewa ruwa ba ya tambayar shekaru, ko cewa mai furfura a gemu zai iya ɗauko ta da ƙafa.

Na dawo rana tana tsaka, na yi yadda ta ce. Ta zuba abin da na kawo a wata siririyar kwalba, ta sa a na'urar da ke juyi da ƙarfi har duk abin da ke da nauyi ya kwanta a ƙasa. Ta tsiyaye na sama, ta ɗiga na ƙasan a kan wani ɗan gilashi, ta tura shi ƙarƙashin madubin da suke ganin ƙananan halittu da shi. Ta daɗe tana dubawa. Can ta matsa da kujerarta gefe.

"Ba kowa nake nuna wa ba. Amma kai malami ne. Zo ka gaisa da baƙinka."

Da farko haske kawai na gani, da inuwar gashin idona. Ta murɗa wani abu kaɗan, sai suka bayyana. Ƙwayaye ne, dogaye kamar ƙwayar shinkafa, garai-garai har ana hango cikinsu, kowanne da 'yar ƙaya guda a ƙarshensa, an gyara ta tsaf kamar da gangan aka fiƙe ta. Na ƙirga bakwai. A kewayensu ƙwayoyin jinina ne a warwatse kamar geron da ya zube a tabarma. Mama ta ce waɗannan ne suke ratsa bangon mafitsara su faɗo cikin fitsari, kuma ratsawar ita ce zafin, ita ce jinin. Ina cikin kallo sai na ga wani abu ya motsa a cikin ɗaya daga cikinsu. Ya miƙe, ya takure, ya sake miƙewa.

Na ce, "Mama, yana da rai."

"Kada ka ɗaga kai."

Ta ɗiga ruwa mai tsabta a gefen gilashin, muka jira. Ban san tsawon lokacin ba. Na san dai wuyana ya ƙage ban kula ba. Abin da ke cikin ƙwan ya fara juyi, yana ƙara sauri, har ɓawon ya tsage ta gefe. Wata 'yar halitta ta fito, jikinta duk gashi ne ƙanana masu kaɗawa gaba ɗaya kamar iska a gonar shinkafa. Ta tsaya ƙiftawar ido, sannan ta ratsa hasken a guje ta ɓace. Na ji bakina yana cewa Subhanallahi, ban san sau nawa ba.

Mama ta yi mini bayani tana wanke hannu, kamar mai ba da labarin maƙwabta. Ta ce ƙwan ba ya fashewa a cikin fitsari, sai ya ji ruwan daɗi. Wannan da ta fita katantanwa take nema, irin ƙananan nan da ke manne a jikin kachalla. Idan ba ta samu ba kafin kwana guda, ta mutu. Idan ta samu, sai ta shige cikinta ta hayayyafa, 'ya'yan su fito da wutsiya su bazu a ruwa, su huda fatar duk wanda ya tsaya a ciki ba tare da ya ji ba. Daga nan su bi jini, su girma, namiji ya sami mace ya naɗe ta a jikinsa, su tafi tare su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. A nan za su yi shekaru suna zuba ƙwai, kuma ƙwayayen sun fi fitowa daga hantsi zuwa bayan azahar.

"Lokacin da mutane suke cikin ruwa ke nan," na ce.

"Ka gani."

"To wa ya gaya musu? Suna cikin duhun jiki, ba su taɓa ganin rana ba."

"Kai ne malami. Ni dai na san ƙarfe nawa zan neme su."

Na koma na zauna a benci. Shekara ashirin ina zana kogin garinmu a allo da shuɗin alli, daga inda ya taso har inda ya nufi tafkin Chadi, ina nuna rassansa da fadamunsa, ina kuma jin cewa na san shi. Ban san yana da reshen da ya bi ta cikina ba. Wata uku ina ɗauke da ma'aurata biyu ko fiye, suna rayuwarsu, suna kiyaye lokacinsu fiye da yadda nake kiyaye nawa, suna aika 'ya'yansu neman ruwan da ni kaina na manta na taɓa shiga. Na tambayi kaina ko ya dace mutum ya yi mamakin abin da ke cutar da shi har ya manta da jin haushinsa. Har yau ban gama amsa wannan ba. Abin da na sani shi ne, a kan bencin nan, tsoron da na zo da shi ya yi mini ƙanƙanta a gaban abin da na gani, alhali ban riga na ji sakamakon jinin ba.

Da la'asar aka sake kira na wurin likita. Kafin nan an shafa mini wani ruwa mai sanyi a ciki an ɗauki hoton mafitsara da ƙoda. Takardu uku ne a gabansa. Ya fara bayanin tsargiya, na katse shi, abin da ba ɗabi'ata ba.

"Likita, ƙodar fa?"

Ya juyo da takardar jinin ta fuskance ni, ya ɗora biro a kan layi ɗaya.

"Lafiyarta ƙalau, duka biyun. Hoton ma ya nuna hanyoyin da ke saukar da fitsari daga ƙoda a buɗe suke. Bangon mafitsara ne ya ɗan yi kauri."

Na nemi ya maimaita, ya maimaita. Sannan ya ƙara da abin da ya hana ni yi wa kaina dariya gaba ɗaya. Ya ce tsargiyar da aka bari shekara da shekaru tana iya toshe waɗannan hanyoyi ta lalata ƙodar, tana kuma iya barin mugun ciwo a mafitsara. Wato abin da nake tsoro ba shi ne ya same ni ba, amma ɓoyon da nake yi da ƙin shan ruwa su ne hanyar da za ta iya kai ni gare shi. Ya sa aka auna nauyina, domin da nauyi ake ba da maganin. Ya ce in ci abinci tukuna, sannan in haɗiyi ƙwayoyin maganin, in kuma sa ran jiri. Ya ce cutar ba ta bi ta tsakanin miji da mata, amma maganin ba ya hana sabon kamu: duk ranar da na sake tsayawa a ruwan fadama da fata a buɗe, na sake buɗe musu ƙofa. Ya ce in sha ruwa da yawa, in dawo bayan wata biyu, da tsakar rana.

Na ci shinkafa da kifi a wata rumfa kusa da tasha, na haɗiyi ƙwayoyin. Manya ne, masu ɗacin da ke maƙalewa a maƙogwaro. Jirin ya kama ni kafin mu kai Jajimaji, na jingina kai da gilashin mota ina kallon fadama tana wucewa, koriya shar a tsakiyar ƙasar da ta bushe, da mutane a cikinta har gwiwa.

Na isa gida gab da magariba. Uwargidana tana tsakar gida, da ta gan ni ta tsaya da abin da ke hannunta. Na ce, "Ba shi ba ne." Ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe a haka. Da ta buɗe ta ce, "To mene ne?" Na ce tsargiya. Ta ce, "Ta yara?" Na ce ita.

Bayan kwana biyu aka sanar da ni cewa fitsarin da aka ajiye bai tsiro da komai ba. Jinin ya ɗauke a cikin mako na farko, zafin ya bi bayansa a mako na biyu. Da wata biyu suka cika na koma Nguru, na yi tafiyar tsakar rana, Mama ta duba gilashi uku ba ta sami ƙwai mai rai ba. A ranar aka sake gwada jinin ƙodar, ya fito kamar na farko.